Bayan tiyatar rage tumbi: amsoshi ga masu ciwon sukari

Tambayoyin wannan makon kusan duk na waɗanda aka yi wa tiyatar rage tumbi ne saboda ƙiba da ciwon sukari, galibi a Indiya, Masar ko Turkiyya, suka dawo gida likitan da ya yi aikin yana can wata uwa duniya. Aikin iri biyu aka fi yi. Akwai silif, inda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin a cire, a bar siriri mai kamar ayaba. Akwai kuma baifas, inda ake ware 'yar jakar da ba ta fi ƙwai girma ba a saman tumbi, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji. Kowa ya duba takardar sallamarsa ya san wanda aka yi masa.

Tambaya: Likita, wata huɗu da aikin, gashina sai zuba yake duk lokacin da na taje. Zan yi sanƙo ne? (Daga Kaduna)

Amsa: Ba za ki yi ba, 'yar'uwa. Yakan zuba tsakanin wata 3 zuwa 6 saboda saurin ramewa, sannan ya tsiro. Ki ƙara ƙwai, kifi da nono, ki sassauta kitso, ki ɗaga wa man shamfo mai zafi ƙafa. Idan ya wuce shekara yana zuba, a auna jininki.

Tambaya: Yaushe zan koma cin tuwo? Na gaji da ruwa-ruwa. (Daga Gusau)

Amsa: Malam, sai ka ƙara haƙuri. Mako 2 na farko ruwa-ruwa ne zalla: romo da aka tace, madara, kindirmo mara sukari. Mako na 3 da na 4 abin da aka markaɗa ya yi laushi kamar na jariri. Na 5 da na 6 abinci mai taushi irin su alale, dafaffen ƙwai, kifi da awara dafaffiya. Tuwo sai bayan mako 6 zuwa 8, shi ma da sharaɗi. Mu mun saba a mulmula loma a haɗiye ba tauna, to wannan tumbin ba ya ɗaukar haka. Lomar za ta tokare a ƙirji ka dawo da ita. Loma ta zama kamar kan babban yatsa, a tauna ta sosai, a yi minti 20 zuwa 30 ana ci. Ka fara da naman da ke miyar, tuwon ya biyo baya, domin jikinka na buƙatar giram 60 zuwa 80 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin nono kamar 8, kifi ko kaza girman tafin hannu kamar 20. Kada ka kora da ruwa. Ka bar minti 30 kafin ci da 30 bayan ci, sauran yinin kuma ka riƙa kurɓa har ka kai lita 1 da rabi zuwa 2. Kilishi, tsire da biredi mai laushi su ne suka fi maƙalewa, ka jinkirta su.

Tambaya: An yi wa mahaifiyarmu aikin mako 7 da suka wuce. Mako 3 ke nan komai ta ci sai ta amayar. Yanzu ƙafafunta sun yi nauyi, tana tangaɗi, tana ganin abu bibbiyu, wani lokaci ba ta gane maganar da ake mata. Wasu sun ce shafar iska ce, ana ba ta jiƙo da hayaƙi, mai kemis kuma ya ƙara mata ruwa leda biyu. (Daga Funtuwa)

Amsa: Ɗan'uwa, ka ajiye wayar nan ka kai Hajiya babban asibiti yau. Ba gobe ba. Daga Funtuwa zuwa Asibitin Koyarwa na Shika da ke Zariya ba tafiyar da za a jinkirta ba ce. Idan kun dawo sai ka karanta sauran.

Abin da ka lissafa, amai mai tsawo, tangaɗi, gani bibbiyu da ruɗewa, kamannin ƙarancin bitamin B1 ne da ya fara taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Jiki ba ya tara wannan bitamin da yawa. Ajiyarsa takan ƙare cikin mako 2 zuwa 3 idan abinci ba ya zama. Ƙwaƙwalwa kuwa da shi take sarrafa sukari ta samu ƙarfi, saboda haka idan ya ƙare sassan da ke kula da motsin ido, daidaiton tafiya da tunani su suke fara gazawa. Shi ya sa mai ciwon yake kama da wanda aka shafa. Idan aka yi masa allurar B1 ta jijiya da wuri, sau da yawa idon yakan fara daidaita cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan aka yi sake, mantuwa takan zauna har abada, ƙafafu su shanye, wani ma ya rasa ransa.

Ruwan da mai kemis ya ƙara mata shi ya fi tayar min da hankali. Idan ruwan mai sukari ne, ya ƙone ɗan ragowar B1 da ke jikinta, ciwon ya ƙara gaba. Doka ce a wajen duk wanda aka yi wa wannan tiyata yake amai: B1 tukuna, ko tare, kafin ruwa mai sukari ya shiga jijiya. Idan kun isa, ku gaya wa likita da bakinku cewa an yi mata tiyatar rage tumbi, ga ranar, ga takardun, kuma mako 3 tana amai. Ku faɗi irin ruwan da aka ƙara mata, in da ledar ma ku tafi da ita.

Shi kansa aman sai an nemo dalilinsa. Wani lokaci wurin ɗinkin ne ya tsuke, wani lokaci gyambo ne ya fito a wajen. Ana zura kyamara ta baki a gani, kuma tsukewar ana iya buɗa ta ba tare da an sake yanka ba. Jiƙon nan kuwa a zubar da shi. Tumbin da aka ɗinke mako 7 da suka wuce, a ɗura masa saiwar da ba wanda ya san ƙarfinta, wataƙila har da kanwa? Addu'a ku ci gaba da yi, a gefen gadon asibiti. Duk mai karatu da aka yi wa aikin ya riƙe wannan: amai ya wuce kwana 2 ruwa ba ya zama, asibiti. Haka bugun zuciya da ya haura 120 a minti, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani, ciwon kafaɗar hagu, sarƙewar numfashi ko kumburin ƙafa ɗaya, musamman a watan farko.

Tambaya: Gwiwata na ciwo, zan iya shan diclofenac kamar da? (Daga Maraɗi)

Amsa: A'a. Diclofenac, ibuprofen, piroxicam da haɗin "maganin gajiya" da ake ƙullawa a leda suna huda wurin ɗinki, musamman ga mai baifas. Ka sha parasitamol, in bai yi ba ka ga likita.

Tambaya: Alhamdu lillahi na warke daga sukari. Shekara guda ba na shan magani, awo yana nuna 95. Na daina bitamin ɗin saboda tsada, na kuma daina zuwa asibiti. Akwai matsala? (Daga Kano)

Amsa: Barka, Alhaji, amma akwai. Sukarin ya kwanta ne, bai mutu ba. Likitoci kan ce ya lafa idan awon HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata 3, ya tsaya ƙasa da 6.5 na aƙalla wata 3 ba magani. A wani dogon bincike da aka yi a Suwidin, kusan 72 cikin 100 na masu sukarin da aka yi wa tiyata ya lafa musu bayan shekara 2, amma bayan shekara 15 kusan 30 ne kaɗai suka rage a haka. Ya fi komowa ga wanda ya daɗe da ciwon, ko yake kan insulin kafin aikin, ko ƙibar ta dawo masa. Kuma yana komowa shiru. Don haka HbA1c aƙalla sau ɗaya a shekara, tare da duba ido, ƙoda da ƙafa, domin ɓarnar da ya yi a baya ba ta goge ba.

Bitamin kuwa na har ƙarshen rayuwa ne. Tumbinka ba ya fitar da isasshen abin da ke taimaka wa hanji ya tsotsi B12, kuma idan baifas ne, abinci ya tsallake sashen da ke ɗaukar sinadarin ƙarfe da kalsiyam. Hanta kan ajiye B12 na shekaru, shi ya sa kake jin garau. Ranar da ya ƙare sai ƙafa ta fara jin kamar ana tsira allura, jini ya yi ƙasa. Abin da aka saba bayarwa: haɗaɗɗen bitamin kullum, kalsiyam miligiram 1200 zuwa 1500 a raba shi sau 2 ko 3, bitamin D, maganin ƙarin jini, da allurar B12 duk wata 3. Ka bar awa 2 tsakanin kalsiyam da maganin ƙarin jini, kuma kada ka sha shi da shayi. In kuɗi ne, ka gaya wa likita ya zaɓa maka masu sauƙi. Kada ka yanke da kanka.

Tambaya: Idan na sha fura da sukari ko lemon kwalba sai zufa, jiri da bugun zuciya su taso min, har sai na kwanta. (Daga Zinder)

Amsa: Zaƙin ne yake zubowa hanji gaba ɗaya. Idan cikin minti 10 zuwa 30 ne, ruwan jiki ne ya kwarara cikin hanji. Idan bayan awa 1 zuwa 3 ne, insulin ne ya fita da yawa ya faɗar da sukari. Ki auna a lokacin. In ya yi ƙasa da 70, ki tsotsi ƙwayar sukarin shayi 3, ki sake awo bayan minti 15, sannan ki ci ƙwai ko gyaɗa. Ki bar lemo, zoɓo mai zaƙi da zuma. Zuma ma sukari ce, ko me aka gaya miki. In har yanzu kina shan maganin ciwon sukari na glibenclamide ko kina allurar insulin a ma'aunin da, ki ga likita a makon nan, domin maganin ya yi miki yawa. Idan kin taɓa suma, kada ki jira mako.

Tambaya: Dangin miji sun ce na lalace, wuya duk ƙashi. Wata ta kawo min "sha ka fashe" don in ɗan ciko. (Daga Bauchi)

Amsa: Haba! An kashe dukiya, an kwanta an sha wuƙa don a rage ƙibar da ke kashe ki, sannan a dawo da ita da ƙwayar kasuwa? Yawancin waɗannan haɗe-haɗen akwai dexamethasone a ciki. Ruwa da kitse yake tarawa a fuska da ciki, ya tayar da sukari da hawan jini, ya cinye ƙashi, ya huda tumbi. Ramar nan takan tsaya da kanta tsakanin wata 12 zuwa 18, fuska ta daidaita. Idan ba ki fara sha ba, kada ki fara. Idan kin yi makonni kina sha, kada ki yanke rana ɗaya, don hakan ma haɗari ne. Ki ɗauki ƙwayar ki kai wa likita ya janye miki a hankali. In kuma ramar ta zo da kasala da kumburin ƙafa, wannan na asibiti ne.

Tambaya: Yaushe zan iya ɗaukar ciki? (Daga Sakkwato)

Amsa: Bayan wata 12 zuwa 18. Ki kula, haihuwa takan buɗe da zarar ƙiba ta sauka, ko ga wadda ta daɗe tana nema. Ƙwayar tazara ta baki ba abin dogaro ba ce bayan baifas, ki nemi ashanar hannu ko robar mahaifa.

Tambaya: Azumi zai kama ina wata 5 da aikin. In ɗauka? (Daga Katsina)

Amsa: Shawarata kada ka ɗauka bana, Malam. Mai cin loma biyar ya ƙoshi ba zai iya tara ruwan yini da abincinsa tsakanin magariba da asuba ba, ga zafin ƙasarmu. Ƙoda ce za ta wahala, kuma buɗa baki da kunu mai sukari da dabino da yawa zai jefa ka cikin jirin da mai tambayar Zinder ta kwatanta. Mara lafiya an yi masa rangwame ya rama daga baya, malaminka zai yi maka bayanin hukuncin. Baɗi, idan awo ya yi kyau, ka ga likita wata 1 ko 2 kafin azumi a gyara maka magani. Ka buɗe baki da ruwa kurɓi-kurɓi da dabino ɗaya, ka yi salla, sannan ka ci abin gina jiki, ka raba cin sau 3 ko 4 har sahur. Kuma duk ranar da awo ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, ko jiri da amai suka kama ka, ka karya nan take ka nemi likita, ko da saura minti goma a kira salla.