Tambayoyinku da Baba Fasto: Anya ina cikin masu ceto kuwa, kuma ina Allah yake ranar da komai ya rushe min?

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Saƙonni sun zo da yawa wannan karon, na ɗauki guda uku don kusan duk wuri ɗaya suke taɓawa, sauran kuma ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Baba Fasto sannu da aiki. Ni dai na karɓi Yesu tun ina sakandare, anyi min baftisma, ina hidima a coci, amma gaskiya Baba akwai wani zunubi da nake ta komawa, in tuba in yi kuka, bayan kwana biyu in sake. Kwanan nan naji wani mai wa'azi yana cewa Allah ya riga ya zaɓi masu ceto tun kafin a kafa duniya, tun ranar barci ya gagare ni, ina ta tunanin ƙila ni bana cikinsu ne shi yasa na kasa dainawa. Don Allah a taimake ni. (Daga wata 'yar'uwa)

AMSA: 'Yata, maganar da kika ji tana nan a Afisawa 1:4, ba ƙirƙira yayi ba. Amma ki buɗe wurin ki karanta daga aya 3 har 14, za ki ga Bulus yabo yake ta yi yana godiya, ba tsoratar da kowa yake ba, kuma mutanen da ya rubuta wa ɗin nan su ne a sura 4 yake ce musu su daina ƙarya, ɓarawo ya daina sata, kada rana ta faɗi suna cikin fushi. To kin ga ashe zaɓaɓɓun ma suna nan suna fama.

Babu inda Littafi Mai Tsarki yace ki fara binciko ko sunanki yana cikin jerin kafin ki zo. Lokacin da mai gadin kurkukun Filibi ya faɗi gaban Bulus da Sila yana rawar jiki yana tambaya me zai yi ya sami ceto, amsa ɗaya suka bashi, ka gaskata da Ubangiji Yesu za ka sami ceto (Ayyukan Manzanni 16:31). A Yohanna 6:37 kuma Yesu ya haɗa abu biyun a aya ɗaya, duk wanda Uba ya bashi zai zo wurinsa, wanda ya zo wurinsa kuwa ba zai taɓa korarsa ba. Rabin farko aikin Allah ne a ɓoye, ba a baki shi ki riƙe ba, rabi na biyu shi ne naki. Kin zo? To ya ce ba zai kore ki ba.

Wannan gardama ta zaɓe da 'yancin mutum ba yau aka fara ta ba, malaman ikilisiya Agustin da Pelagiyus sun yi ta a ƙarni na 5, an sake zama a kanta a garin Dort na ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619 tsakanin mabiyan koyarwar Kalbin da na Arminiyus, har yau ikilisiyoyi basu zama baki ɗaya ba. Amma babu ɓangaren da ya taɓa koyar da cewa mai zunubi zai zo wurin Yesu da tuba a mayar dashi.

Ceto kyauta ne ta wurin alheri, ba ladan aiki ba (Afisawa 2:8-9). Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu hannunsa da ƙafarsa a kafe suke, ba baftisma, ba zakka, ba damar mayar da abin da ya sata, cewa kawai yayi ka tuna dani, Yesu yace yau ɗin nan za ka kasance tare da ni a Firdausi. Kuma ni a ganina kukan da kike yi ɗin nan shi kansa alama ce mai kyau, wanda ya mutu cikin zunubi baya rasa barci saboda zunubi.

Sai dai ba zan shafa miki mai a baki ba, zunubin nan dole a yaƙe shi, Romawa 6 ta hana mu fakewa da alheri. Kin daɗe kina yaƙin ke kaɗai a ɓoye shi yasa yake ta kayar dake. Ki nemi wata dattijuwa mai tsoron Allah mai riƙon asiri ki faɗa mata sunan abin ƙarara, ku riƙa addu'a tare kamar yadda Yaƙub 5:16 ya ce, kuma ki duba ta wace ƙofa yake shigowa, in ta waya ce ko ta wani mutum ne ki toshe ta tun yau.

TAMBAYA: Baba, bara na rasa aikina, ba a yi wata huɗu ba ɗana na fari ya rasu a asibiti yana shekara shida, bayan mun yi azumi mun yi addu'a har ikilisiya duka ta taya mu. Duk wanda ya zo ta'aziyya sai yace nufin Allah ne, wasu su karanta min Romawa 8:28 wai komai don alheri ne. Baba wane alheri ne a mutuwar yaro? Yanzu ko addu'a bana iya yi, in na durƙusa fushi kawai nake ji. Na yi saɓo ne? (Daga wani ɗan'uwa)

AMSA: Ɗana, Allah ya ta'azantar da kai da maiɗakinka. Saƙonka ya taɓa ni ƙwarai. Ba zan ce maka ga dalilin da yasa yaron ya tafi ba, duk wanda kuma yace maka ya san dalilin ya wuce gona da iri. Abokan Ayuba kwana 7 suka zauna dashi a ƙasa ba wanda ya ce uffan, nan ne suka kyauta, da suka buɗe baki suka fara yi masa bayanin dalilin wahalarsa sai ga shi a Ayuba 42:7 Allah yace fushinsa ya ƙuna a kansu don basu faɗi gaskiya game dashi ba kamar bawansa Ayuba, Ayuban nan da ya la'anci ranar haihuwarsa yayi ta kai ƙara. Kuma ka lura, daga sura 38 zuwa 41 Allah yayi magana mai tsawo da Ayuba amma ko sau ɗaya bai gaya masa me yasa 'ya'yansa 10 suka mutu ba.

Romawa 8:28 bata ce komai alheri ne ba. Cewa tayi Allah yana aiki cikin komai domin alherin masu ƙaunarsa, bambancin kuwa babba ne. Mutuwa abokiyar gaba ce, haka 1 Korintiyawa 15:26 ta kira ta, maƙiyi na ƙarshe da za a hallaka. Yesu da kansa ya tsaya bakin kabarin Li'azaru yayi hawaye, alhali ya san nan da ɗan lokaci zai tashe shi. In Ubangiji bai ɗauki kuka a matsayin rashin bangaskiya ba, kada wani ya ɗora maka wannan kayan.

Dubi Yusufu. Yana shekara 17 'yan'uwansa suka tuɓe masa riga suka jefa shi rijiya, suka zauna suna cin abinci yana roƙonsu, suka sayar dashi azurfa 20. Matar Fotifar tayi masa sharri aka kai shi kurkuku, ya fassara wa mai shayar da Fir'auna mafarki ya roƙe shi don Allah ka tuna dani, mutumin ya fita ya manta dashi shekara biyu cur. Sai da ya kai shekara 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Kalmar nan da muke so ta Farawa 50:20, ku kun nufe ni da mugunta amma Allah ya nufe shi da alheri, can bayan rasuwar mahaifinsu ya faɗe ta, ba a cikin rijiya ba, kuma bai sauya wa muguntar suna ba, mugunta ya kira ta. Shi Yusufu ya ga ƙarshen labarinsa tun yana raye, da yawa daga cikinmu kuwa sai mun je can.

Abin da nake kafa ƙafata a kai shi ne gicciye. Babu zaluncin da ya kai kashe Ɗan Allah, duk da haka Bitrus ya ce a ranar Fentikos bisa ga shirin Allah da rigyasaninsa aka bashe shi, kuma miyagun mutane ne suka kashe shi (Ayyukan Manzanni 2:23). Allahn da yake mulki ɗin nan ya san zafin mutuwar ɗa, ba daga nesa yake kallonka ba.

Fushin da kake ji kada ka gudu dashi, ka kai masa shi. Karanta Zabura 13 da 88 da ƙarfi su zama addu'arka, ta 88 ma da duhu ta ƙare ba wani yabo a ƙarshenta, amma Allah ya bar ta cikin Littafinsa. In baki ya kasa, Romawa 8:26 tace Ruhu yana roƙo dominmu da nishe-nishen da basu faɗuwa. Kuma ka kula da matarka, itama tana ɗauke da nata, ku yi kukan tare.

TAMBAYA: Baba in dai Allah ya riga ya tsara komai har ranar mutuwata, me amfanin shan magani? Likita ya ɗora ni kan maganin hawan jini amma ina so in ajiye in dogara ga Allah kawai. (Daga wani matashi)

AMSA: Ɗana kada ka ajiye maganin nan, ina roƙonka. A Ayyukan Manzanni 27 jirgin da ya ɗauki Bulus zuwa Roma ya faɗa cikin guguwa da mutum 276, mala'ika ya gaya masa ba ran da zai salwanta. Amma a dare na 14 da matuƙan suka saukar da ƙaramin jirgi za su sulale, wai za su jefa anga ta gaba, Bulus ɗin nan da aka yi wa alkawari shi ne yace wa hafsan soja in mutanen nan basu zauna cikin jirgi ba, ba za ku tsira ba. Sojoji suka yanke igiya, Bulus ya matsa musu suka ci abinci, da jirgin ya farfashe masu iya iyo suka yi iyo, saura suka kama katako, duka suka kai gaci a Malta. Allah ya tsara tsirar, ya kuma tsara hanyarta. Sarki Hezekiya ma bayan Allah ya ƙara masa shekara 15, annabi Ishaya ne da bakinsa yace a kawo curin ɓaure a ɗora kan marurun (2 Sarakuna 20:7). Hawan jini kuwa sau da yawa baya nuna alama sai ya taɓa zuciya ko ƙoda ko ya kawo shanyewar jiki, don haka jin daɗin jikinka ba shaidar warkewa bane. Ka yi addu'a, ka sha maganinka kullum, in ka ga Ubangiji ya warkar da kai ka koma a auna, likitan ne zai ce a rage ko a daina.