Amsa kan katin Jim Brown na 1958

Malam, ka tambaya ko ka sayi katin Jim Brown, tsohon ɗan wasan ƙwallon ƙafar Amurka, wanda kamfanin Topps ya buga a 1958, da aka yi maka tayi da araha ba a tantance shi ba. Don Allah ka dakata. Wannan shi ne katinsa na farko, lamba 62, kuma masu tara katunan ƙwallon ƙafar Amurka suna rububinsa, shi ya sa jabu ya yi yawa.

Nemi wanda kamfanonin tantance kati, PSA ko SGC, suka duba suka rufe cikin roba da maki, sannan ka bincika lambar shaidarsa a shafinsu. Ka lura da kusurwoyi huɗun, da ko hoton ya zauna daidai tsakiya, don yankan wancan zamani yakan karkace. Lanƙwasa ɗaya tak tana karya farashi. Ni dai gara mai maki 3 cikin 10 na gaske da mai araha da ba a tantance ba.