Kar ka sayar da tukunyar nan, kar ma ka wanke ta

Ɗan'uwa, ka ce kuna haƙa ramin sokawe a Ikorodu kuka tono tsohuwar tukunya da 'yan duwatsun wuya a ciki, wani ya taya dubu hamsin, kana tambaya ko ka sallama. Don Allah dakata.

Shekarata goma sha takwas ina haƙar rijiya a Legas, daga Agege har Badagry, kuma irin wannan ta taɓa samunmu. Muna wajen ƙafa goma sha biyu diga ta daki wata tukunya mai zane a wuya, an kife bakinta da kasko. Abokin aikina ya zaci zinariya ce, ya sa bayan shebur ya fasa ta. Gawayi muka tarar da 'yan ƙasusuwa, muka watsar. Sai daga baya na ji cewa gawayin nan shi masana ke aunawa su gane shekarun abu. Wallahi har gobe abin yana ci mini rai.

Ka san irinmu ne ke fara cin karo da manyan kayan tarihin ƙasar nan? A 1987 wani Bafulatani makiyayi, Malam Ya'u, yana haƙa rijiya a Dufuna da ke Yobe ya taɓo katako a ƙarƙashin ƙasa. Bai sassare shi ba, ya kai labari. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da Jamus suka zo, ashe kwale-kwale ne mai shekara kusan 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Tsofaffin kayan tagulla na garin Igbo-Ukwu da ke Anambra ma mai haƙa ramin tara ruwa ne ya fara tono su, kawunan mutum-mutumi na tagulla na garin Ife kuwa masu haƙa tushen gini ne suka tono su a 1938.

Ga kuma doka. Ta 1979 ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun hukumar gidajen tarihi ko wanda ta amince wa. Mai tayin nan gobe ya ɓace, kai za a riƙe.

Ku tsayar da haƙa a gefen, ka ɗau hotonta a inda take, ka ajiye silifas kusa don a ga girmanta, ka rufe da buhu. Fara sanar da mai filin tukuna, sannan ka nufi Gidan Tarihi na Onikan da hotunan. In kana jin nauyin zuwa kai kaɗai, ran Litinin ina Obalende, zan raka ka.