Uwar maƙerar kakanka ba ta hawa mota

Ɗana,

Saƙonka ya iso tun ranar Laraba. Ƙanenka ya karanta mini shi sau biyu, don idon nan ya daina ganin ƙananan baƙaƙen waya, shi ne kuma yake rubuta wannan, ina faɗa yana dannawa. Ka ce ka ga Turawa a YouTube suna ƙera wuƙaƙe a bayan gidajensu don nishaɗi, sai jinin gado ya motsa, kana so ka riƙa taɓawa ranakun Asabar da Lahadi in ka huta da aikin ofis. Ka roƙi ƙanena, baffanka ƙarami, ya ba ka tsohuwar uwar maƙerar kakanka ka kai birni, ya ce maka ba a fitar da ita daga rumfa, ya yi shiru. Shi ne kake tambayata ko addini ne ya hana, ko camfi ne kawai, kuma ko sai ka nemi izinin Sarkin Maƙera tunda ba sana'a za ka mayar da abin ba.

Na ji daɗin tambayar, ba zan ɓoye maka ba. Cikin 'ya'yan gidan nan da suka yi boko kai ne na farko da ya waiwayi rumfa ba don ɗaukar hoto ba. Baffanka kuwa kada ka ji haushinsa. Mutum ne da ya fi iya magana da masaba, bayani ba nasa ba ne.

Addini bai hana ba. Ƙarfe ne, dukiya ce kamar kowace dukiya, kuma lokacin da kakanka ya rasu an yi mata kuɗi tare da sauran kayan aiki, malam ya sa cikin lissafin gado, kowa ya san rabonsa har gwaggonninka. Abin da muka yi shi ne abin da muka tarar ana yi: ba a yayyaga kayan rumfa a ba wannan awartaki a ba wancan masaba, domin in aka yi haka an kashe maƙera, babu wanda ya samu abin yi. Sai a bar su wuri guda a hannun wanda yake hura wuta, shi kuma ya fanshi rabon sauran a hankali. Baffanka ya gama biyan mahaifinka da buhunan gero a kaka uku. To ka ga ko ta fuskar shari'a ba taka ba ce, ba tawa ba ce.

Amma na san ba wannan ne ya sa ya yi maka shiru ba, don ba marowaci ba ne. Ka taɓa duban uwar maƙerar nan da kyau? Ba irin ta Turawan da ka gani ba ce mai ƙaho, wadda ake tsayawa a kanta. Tamu guntuwa ce, kanta bai fi tafin hannu biyu ba, ƙasanta tsini ne da aka kafa cikin kututture, kututturen kuma a binne yake. A zaune muke ƙira, wuta a gefe, kaskon ruwa a gefe, komai inda hannu zai kai ba tare da an tashi ba. Gefenta na gabas ya lotsa, ya yi santsi kamar an shafa masa mai. Wannan lotsawar ba lalacewa ba ce, nan ne kakanka yake lanƙwasa lauje, bugun shekara da shekaru ne ya yi wurin. Har yau in za a yi lauje ko magirbi, baffanka yakan bar sabuwar uwar maƙera ya koma kanta. Kai kana ganin ajiye take, alhali tana aiki daga ƙarshen damina har a gama girbi.

Sannan akwai mutanen gari. Manomin da fartanyarsa ta dakushe ba ya cewa zan je wurin wane, cewa yake zan je maƙera. Wuri ne kamar rijiya. Ranar da aka ga an tumɓuke uwar maƙera an ɗora a mota, labarin da zai zaga ƙauyukan nan kafin magariba shi ne gidan maƙera ya tashi. Mu kanmu ba ma zama a kanta, ba ma tsallaka ta, yaro in ya ɗora ƙafa a kai sai ya sha ranƙwashi. Wasu za su ce maka akwai iskoki a ciki. Ni dai na yi shekara fiye da hamsin a gabanta, abin da na sani shi ne da ita aka ciyar da mu, aka yi mana aure, aka biya kuɗin makarantar mahaifinka, kuma mutum ba ya taka abin da ya ci da shi.

Kada ka ɗauka ƙaramin gida ka fito. Mu mutanen ƙasar Gaya muna da abin faɗa a wannan sana'a, domin labarin da aka gada shi ne maƙeran Gaya ne suka tafi gindin Dala neman tama, su ne Abagayawa, har ana cewa sunan Kano na wani maƙeri ne daga cikinsu. A can baya maƙeri ba ya samun ƙarfe sai an haƙo tama an narka ta, aikin kwana da kwanaki, a ƙona gawayi mai yawa kafin a sami dunƙulen da zai yi 'yan fartanyu. In ka bi wasu gonaki har yanzu garma tana tono kashin maƙera, baƙi mai ramuka, shaidar inda aka yi narki. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ƙarfen Turai ya yawaita, daga baya ga tarkacen motoci, sai narkin tama ya mutu a hankali. Ni ban tarar da shi ba, kakanka ma labari ya ji wurin nasa uban. Kuma in ka ji tsofaffin maƙera suna kiran Annabi Dawuda, alaihis salam, kafin su fara bugu, daga Alƙur'ani suka samo, a Suratu Saba'i Allah ya ce ya tausasa masa ƙarfe. Akwai ma sura guda mai sunan ƙarfe, Suratul Hadid.

Batun Sarkin Maƙera kuwa, ba takarda yake bayarwa ba, kuma babu ɗan sandan da zai kama ka don ka hura gawayi a gidanka. Aikinsa shi ne sasanta maƙera in sun saɓa, ya tsaya musu a gaban hakimi, ya tara su in an ba da babban aiki, in baƙon maƙeri ya zo kasuwa ya nuna masa inda zai baza kaya. Amma ɗan gado ba ya fara taɓa wuta a ɓoye kamar ɓarawo. Ka sayi goro, mu je tare ka gaishe shi, in ce masa ga jikan wane yana son ya koyi abin gidansu. Zai sa maka albarka, wataƙila ya tsokane ka da cewa hannun biro ne da kai. Amfanin wannan gaisuwar sai ka shiga kasuwar Wudil ranar Juma'a za ka gan shi. Wanda aka sani a layin maƙera shi ake nuna wa ƙarfe mai kyau, shi ake ara wa kurfi in nasa ya karye. Wanda ba a sani ba, ciniki kawai za a yi da shi. Ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ban so ba a saƙonka, tunda ni baffanka ne ba abokinka ba. Ka lissafo kaya kamar mai haɗa lefe, har da injin wasa wuƙa na lantarki, kuma abin da kake son fara ƙerawa wuƙa ce mai ado. A rumfar nan ba a fara wa yaro da masaba. Zuga ake ba shi. Ni na yi shekara biyu ina zaune bayan zuga-zugin fatar akuya, hannun dama ya sauka na hagu ya tashi, ba a yarda iska ta yanke ba. A lokacin ina ganin bauta ce. Ashe ido ake koya mini: yadda ƙarfe yake tashi daga baƙi zuwa ja kamar gauta, ya koma ruwan lemo, ya yi fari-fari, daga nan in ka ga ya fara feshin tartsatsi kamar wasan yara to ka ƙone shi, ya tashi aiki. Shi ya sa rumfar maƙera take da duhu-duhu, a tsakar rana ba ka ganin launin gaskiya. Yanzu yara sun samu sauƙi, an haɗa fanka da wilin keke ana juyawa da hannu ɗaya, ban ƙi ba, amma kallon wutar dai bai canza ba.

Bayan zuga sai gyara. Mafi yawan abin da ke shigowa maƙera ba sabon aiki ba ne. Ana saura wata guda ruwa ya sauka za ka ga an jibge mana fartanyu da garemani da sungumi, wannan bakinsa ya cinye, wancan ya tsage, wani ƙotar ce ta yi lako-lako. Ka ɗauki ruwan fartanyar da ta yi damina uku: bakinta ya yi kauri ya daina shiga ƙasa. Za ka cire ta daga ƙota, ka sa bakin kawai a wuta, ka riƙe da awartaki, ka koɗa shi da ƙananan bugu daga tsakiya zuwa gefe har ya baje ya yi siriri, kana juyawa kada gefe ɗaya ya fi ɗaya. Sai ka gasa tsininta ka mayar cikin ƙota da zafinsa, hayaƙi ya tashi, itacen ya kama shi. Mai ita yana zaune a gabanka yana kallo, kuma gobe da asuba zai gwada aikinka a gonarsa. In ba ta yi ba za ka ji, ba sai an aiko maka da wasiƙa ba. A zamanin kakanka ma ba a biya nan take, sai kaka ta yi a kawo damin gero ko na dawa, wanda aikinsa bai yi kyau ba rumbunsa ne zai faɗa masa.

Ni gatari ne ya fara kunyata ni. Ina saurayi, na ƙera shi daga sifirin mota, ya yi kyau har ina juya shi a rana. Na ba shi ruwa yana da zafi sosai, na tsoma shi gaba ɗaya cikin ruwan sanyin hunturu, na ji wani ɗan ƙas ban kula ba. Kwana biyu mai shi ya dawo da shi gida biyu a cikin buhu, Allah ya kiyaye ɓallin bai sami ɗansa ba. Kakanka bai ce mini komai a gaban mutumin ba, ya ƙera masa wani kyauta. Da dare ya ce in ɗauko ɓallin in duba cikinsa, na ga ya yi tsaki-tsaki kamar gishiri. Ya ce ƙarfen da ya sha ruwa fiye da ƙima taurinsa na kwalba ne. Sifirin yana riƙe kaifi, shi ya sa muke nemansa wurin 'yan gwangwan don adda da gatari da wuƙa, amma a mai ya fi son a tsoma shi, sannan a ɗan mayar masa da zafi kaɗan ya saki. Rodin gini kuwa ka yi ƙugiya da shi ko maratayi, kada ka wahalar da kanka neman kaifi a jikinsa.

Abu biyu zan gargaɗe ka a kansu tunda a birni kake. Kada ka sa bututun ruwa mai farin shafe a wuta, hayaƙinsa yana kwantar da mutum da zazzaɓi da ciwon ƙirji. Kuma in wani ya kawo maka guntun ƙarfen titin jirgi da arha ya ce ka yi uwar maƙera da shi, ka tambayi inda ya samo, kayan gwamnati ne, mutane sun kwana a caji ofis a kan irinsa. Ka sami kan babbar guduma da ta rabu da ƙotarta, ka kafa a kututture, ya ishi mai koyo. Masaba ɗaya, awartaki ɗaya, kurfi, magagari, shi ke nan. Awartaki na biyu da hannunka za ka ƙera shi, haka ake yi. Gawayi kuwa na ƙirya ne sarki, yana da nauyi, yana jimawa, ba ya yawan toka, sai dai itacen ya yi wuya yanzu, an sare shi an ƙare. In ka samu kada ka yi gashin masara da shi.

Ka tambayi wasan wuta a ƙarshen saƙonka, wai ko gaskiya ne wuta ba ta cin maƙeri. Ka zo ka ga bayan hannuna. Na ga ana kaɗa dundufa a bikin maƙera, manya suna wasa da jan ƙarfe, jama'a na ihu, kuma har gobe in yaro ya ƙone a garin nan gidanmu ake fara kawo shi. Ni in ƙunar ta yi yawa cewa nake a zuba ruwan sanyi a wuce asibiti. Sauran zancen ba na waya ba ne, kuma ba da bakin wannan yaron mai rubutu za a yi shi ba, ga shi nan ya buɗe kunne yana murmushi.

Ka zo Asabar ta sama, kafin aikin damina ya rufe baffanka. Ka sa tsofaffin kaya na auduga, ban da irin rigunan ƙwallon nan da ke narkewa a jiki. Na riga na gaya masa, ya ce akwai fartanyu goma sha ɗaya da ke jira, kuma yaron da ke juya masa fanka ya tafi makarantar kwana. Ka taho da goron Sarkin Maƙera, ni kuma ka riƙo mini maganin ɗigon idon nan irin na wancan karon. Ka gai da mai ɗakinka da yara.

Baffanka.