Amsa ga mai tambaya kan zuwa fadar ruwa ta Tirta Gangga a Bali

Assalamu alaikum. Hajiya, kin ce za ki raka maigida taro a Nusa Dua, cikin tsibirin Bali na ƙasar Indunusiya, kuna da rana ɗaya tak da ba ku da hidima, kina kuma son sanin ko fadar ruwa ta Tirta Gangga ta cancanci a ba ta wannan ranar, da kuma ko Musulmi zai iya shiga ba tare da ya tsinci kansa cikin ibadar da ba tasa ba. Na yi shekara uku ina karatu a birnin Surabaya da ke tsibirin Jawa, maƙwabcin Bali, na je wurin sau biyu, sau ɗaya da damina, sau ɗaya da rani. Fatawa dai aikin malamai ce, ni abin da ido ya gani zan ba ki, domin ko malamin za ki tambaya, gara ki kai masa siffar wurin yadda take.

Duk da ana ce mata fada, kada ki sa ran ganin soraye da zauruka irin na gidan sarauta. Lambu ne na shaƙatawa mai faɗin kimanin hekta ɗaya, wanda sarkin ƙarshe na masarautar Karangasem da ke gabashin Bali, Anak Agung Anglurah Ketut Karangasem, ya gina a rabin ƙarshe na shekarun 1940. Ma'anar sunan ita ce ruwan Ganga, wato kogin Indiya da mabiya addinin Hindu suke girmamawa, kuma mafi yawan mutanen Bali Hindu ne, ko da yake ƙasar gaba ɗaya ta Musulmi ce a rinjaye. A shekarar 1963 dutsen Agung, wanda tsayinsa ya haura mita 3,000, ya yi aman wuta ya hallaka mutum fiye da dubu, ya kuma lalata lambun, don haka da yawa daga cikin abin da za ki gani gyara ne da aka yi daga baya.

Abin da ya fi dacewa ki riƙe shi ne cewa abu biyu ne a haɗe cikin katanga ɗaya. A ƙasa akwai tafkuna masu cike da manyan kifaye ja da ruwan ɗorawa, da duwatsun takawa da aka jera a kan ruwa, da hasumiyar feshin ruwa mai hawa 11 a tsakiya, da gadoji da furanni. Wannan ɓangaren wurin yawo ne, babu wanda zai ce ki yi wani abu na addini, kuma na ga iyalai Musulmi daga tsibiran Jawa da Lombok, matansu da lulluɓi, su da 'ya'yansu suna ta ciyar da kifi. A can sama kuwa, ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya dangin ceɗiya, akwai idon ruwan da ke shayar da lambun duka, da wurin bauta a gefensa. Mutanen yankin suna ɗaukar ruwan nan mai tsarki ne, suna zuwa ɗibansa domin bukukuwan wuraren bautarsu. A zuwana na biyu na tarar da ayarinsu, maza cikin fararen kaya, mata ɗauke da 'ya'yan itace a jere a ka, ana kaɗa ƙarafa da ganguna. Na koma gefe na ba su hanya, ba wanda ya kira ni, ba wanda ya harare ni. Iyakar a fili take, kuma wanda ya tsaya a lambu ya tsaya a lambu. Sai dai ki sani cewa gumaka da mutum-mutumi na dutse suna ko'ina, har a tsakiyar tafkunan, galibinsu siffofin jarumai da dodanni ne na labaran Hindu. Idan kina cikin waɗanda zuciyarsu ba ta natsuwa da zama kusa da irin waɗannan, to gara ki sani tun daga gida.

Abin da ya fi burge ni ba adon ba ne, yadda aka bi da ruwan ne. Ba a tare shi an hana shi tafiya ba. Yana fitowa daga ido, ya bi tafki zuwa tafki, ya fita ya shiga gonakin shinkafar da aka yanka hawa-hawa a jikin tudu, wani kason kuma ana kai shi garin Amlapura don amfanin gidaje. Manoman Bali suna da tsohon tsarin rabon ruwa da suke kira subak, inda masu gonakin da ke sha daga magudana ɗaya suke haɗuwa su tsara wa zai sha yaushe, har hukumar UNESCO ta sa tsarin cikin kayan tarihin duniya a 2012. Duk wanda ya taɓa ganin rigimar ruwa tsakanin manoman rani zai tsaya ya kalli waɗannan 'yan magudanan da kyau. Ni dai na fi daɗewa a bayan katanga ina bin ruwan da ido fiye da yadda na daɗe a ciki, kuma ina ba ki shawarar ku ware ko da rabin awa ku taka cikin gonakin.

Game da lokaci, daga Nusa Dua tafiyar awa biyu da rabi ce zuwa uku, saboda hanyar ƙarama ce kuma cunkoso ya yi yawa a kudancin tsibirin. Ku ɗauki hayar mota da direba na yini, ku fita da zarar kun idar da sallar Asuba. Da safe ruwan yana kwance, dutsen Agung yana fitowa sarai kafin gajimare ya rufe shi. Da hantsi ya yi kuwa, sai motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke jama'a, duwatsun takawar nan su zama layi, kowa yana jiran na gabansa ya gama ɗaukar hoto. Duwatsun suna da santsi, musamman da damina, wadda takan kama daga Nuwamba zuwa Maris. Ni kaina a zuwana na farko ƙafata ta zame na jiƙa wando har gwiwa. Ki sa takalmi mai kama ƙasa, ki kuma tattare doguwar riga ko abaya kafin ki hau.

Direbobi za su matsa muku ku haɗa da Pura Lempuyang, wurin bautar da ke da ƙofar nan mai tsage biyu da ake gani a hotuna da dutse a bayanta. A ganina, mai rana ɗaya bai kamata ya je ba. Wurin bauta ne sosai, dole kowa ya ɗaura zani kafin ya shiga, kuma al'adarsu ce mace mai haila ba ta shiga. Ana iya shafe awanni ana jiran layin hoto, sannan tafkin da kike gani a ƙasan hoton babu shi, madubi ne mai ɗaukar hoton yake karawa a ƙarƙashin kyamarar waya. Haka kuma kada ki rikita Tirta Gangga da Tirta Empul da ke kusa da Tampaksiring. Can ne ake shiga ruwa a bi famfunan dutse ɗaya bayan ɗaya ana wankan tsarki irin na addininsu, wanda suke kira melukat, kuma ana tallata wa baƙi shi kamar wani nishaɗi. Wannan kam ibada ce ba lambu ba.

Idan kuna da sauran lokaci, Taman Ujung ya fi dacewa, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Gidan sarautar Karangasem ɗin ne ya gina shi, an kammala a 1921, ya fi faɗi, ya fi shiru, gine-ginensa sun haɗa salon Bali da na Turawan Holan, kuma daga saman matakalarsa ana hango teku, idan gari ya yi haske har da tsibirin Lombok.

Ki lura da ƙasa lokacin da kike tafiya. Za ki riƙa ganin 'yan ƙananan faya-fayai na ganyen kwakwa ɗauke da furanni da turaren tsinke a bakin ƙofofi da kan hanya. Sunansu canang sari, hadayarsu ce ta kullum, kuma taka su da gangan cin fuska ne. Tun daga Fabrairun 2024 akwai harajin rupiya 150,000 da ɗan yawon buɗe ido daga ƙasar waje yake biya na shiga Bali, daban da kuɗin ƙofar lambun, wanda shi ne ya kamata ku riƙe wa 'yan kuɗi a hannu. Ku kuma duba kada ranarku ta faɗa kan Nyepi, sabuwar shekararsu da takan zo wajen watan Maris, domin a ranar ba a fita ko'ina, har filin jirgin sama rufe shi ake yi.

Abinci yana son kula, saboda naman alade abincin gida ne a Bali, kuma kalmar babi a jikin allo shi take nufi. Ku nemi shagon da aka rubuta warung Muslim ko gidan abincin Padang, wato irin girkin Musulmin tsibirin Sumatra. Salla kuwa ba za ta ba ku wahala ba. Sarakunan Karangasem sun mulki Lombok har zuwa 1894, kuma tun zamanin nan Musulmi 'yan ƙabilar Sasak suka zauna a unguwannin da ke kewaye da Amlapura, maƙwabtansu Hindu suna kiransu nyama selam, wato 'yan'uwa Musulmi. Garin bai fi tafiyar kwatan awa a mota daga lambun ba. A ɗaya daga cikin masallatansu na yi Azahar, wani dattijo ya tambaye ni ƙasata, da na ce Najeriya sai ya sa aka kawo mini shayi. Ki ce wa direba masjid kawai, zai kai ku.