Gadar haƙori mai ƙarfe da tangaran a turame

Hajiya, kin ce an cire miki turmi ɗaya, kina tambaya ko gadar ƙarfe mai rufin tangaran, wato haƙorin da ake ƙerawa a ɗora kan haƙoran gefe don cike giɓi, za ta jure tauna. Za ta jure, ƙarfen ciki ne ke ɗaukar nauyin. Abin da ke damuna shi ne sai an feƙe haƙora biyu na gefen giɓin kafin a ɗora ta, kuma abin da aka feƙe ba ya dawowa. In lafiyayyu ne, ki fara tambayar likita a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi batun dasa haƙori, wato kafa sabo a ƙashin muƙamuƙi ba tare da feƙe na gefe ba. Tangaran ɗin yakan ɓantare, don haka ki daina fasa ƙashi da aya a wannan gefen. Ƙarƙashin gadar kuma ki riƙa sakace shi da zaren tsabtace haƙori kullum.