Amsa: me ya sa wata gawar ke komawa kamar sabulu?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ake tono wata gawar bayan shekaru a tarar kitsenta ya zama wani farin abu mai kama da sabulu, maimakon ya narke.

Kitsen jiki sinadarin gilisarol ne ɗaure da asid ɗin kitse guda uku. Bayan mutuwa, sinadaran da ke cikin jikin kansa da ƙwayoyin bakteriya na hanji, musamman Clostridium perfringens, suna amfani da ruwa su tsinke wannan ɗauri. Daga nan ɗaya daga cikin asid ɗin kitsen, wato oleik, wanda yake ruwa-ruwa, yakan rikiɗe zuwa wasu masu tauri kamar istiyarik da palmitik, waɗanda ke haɗuwa da sodiyom ko kalsiyom su daskare. Da fari abin yana da taushi da maiƙo da warin daɗaɗɗen mai, daga baya ya bushe, ya yi fari yana marmashewa a hannu.

Sharaɗinsa shi ne danshi da ƙarancin iska, shi ya sa aka fi ganinsa a gawar da ta daɗe cikin ruwa ko ƙasar laka. Busasshen yashi kuwa busar da gawa yake yi. Masanin Faransa Fourcroy ya nazarci wannan abu mai kama da sabulu bayan an kwashe wata tsohuwar maƙabartar Paris a 1786. A ganina amfaninsa ga likitocin binciken gawa shi ne yakan adana siffar jiki, wani lokacin har da gurbin rauni, sai dai yana wahalar da ƙiyasin lokacin mutuwa, domin yana iya ɗaukar ɗaruruwan shekaru bai lalace ba.